Godiyar da Na Yi wa Wanzamin Kot Dullan

Sunansa Niyamat Ali, wanzami ne, garinsu Kot Dullan. Na faɗi sunan a fili don ɓoye shi yanzu ba zai tsinana masa komai ba. Lokacin da ɓoyewar take da amfani, ni ne na ɗauki sunan nan na buga shi a littafi, har ina yaba wa kaina wai na yi abin kirki. Tir da ni.

Ni sunana Tanwir, ina koyar da kimiyyar siyasa a wata jami'a a Lahore. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na fara zuwa ƙauyensu, ɗauke da tambayar da mu 'yan wannan fanni muka daɗe muna jayayya a kanta: me ya sa talakan ƙauye yake dangwala ƙuri'arsa inda mai gona ya nuna masa? Tsoro ne, ko biyayya, ko ciniki? Na sauka da takardun tambayoyi ɗari huɗu a kwali, na yi sati uku ina bi gida gida cikin rana. Duk wanda na tambaya sai ya gyara rawani ya ce, "Mu dai mutumin kirki muke zaɓa, Dakta Sahab." Haka suke kirana, Sahab ɗin girmamawa ce. In na ce wane ne mutumin kirkin, sai a ce Allah ne masani, a miƙo mini kofin nono. Na sha nono har cikina ya ɓaci, amma ban samu amsa ko ɗaya da za a iya kaiwa gaban mutane ba.

Ranar da abin ya ishe ni sai na tafi aski. Kujerarsa tana gindin wata tsohuwar cediya a tsakiyar gari, madubi rataye da ƙusa a jikin itacen. Wani siririn dattijo ne mai jan gemu na lalle, yana wasa aska a jikin fata.

Ya ce, "Kai ne mai takardun nan da ya hana mutane barcin rana?"

Na ce, "Ni ne, Raja." A ƙauyukanmu ba a kiran wanzami da sunansa tsirara, Raja ake cewa.

"Zauna. Ɗaga haɓa. Kai! Wa ya yi maka gyaran fuskar nan, ɓera?"

"A Lahore aka yi mini."

"Shi ya sa. Ku can ai kuɗin fanka kuke biya, ba na aski ba."

Tun daga ranar na zama ɗan gindin cediya. Wata bakwai na yi a Kot Dullan, kuma rabin abin da na sani game da ƙasata a kan kujerar nan na koye shi.

Mahaifin Niyamat ya tsallako iyaka ne a shekarar da Turawa suka raba ƙasar gida biyu suka tafi, ba shi da komai sai zabirarsa a kafaɗa da matarsa a baya. Mahaifin Caudari Rab Nawaz, mai fiye da rabin gonakin garin, shi ya ba su wurin da suka kafa ɗaki. A ɗakin aka haifi Niyamat. Aji biyu ya yi a makaranta aka cire shi. Yana ɗan shekara tara uban ya shafa wa kabewa sabulu ya miƙa masa aska, ya ce duk ranar da ya aske ta ba tare da ya ji mata ciwo ba zai taɓa kan mutum. Niyamat ya ce mini sun ci miyar kabewa a shekarar har mahaifiyarsa ta yi rantsuwa ba za ta sake dafa ta ba.

Aski kuwa shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. In za a yi biki, shi ke hawa keke da ƙunshin mazarƙwaila ya bi dangi gari gari yana gayyata. In an yi rasuwa, shi ke kai labari. Shi ke girka manyan tukwanen shinkafa a biki da zaman makoki, kuma ba a taɓa cewa tasa ta caɓe ko ta kama ba. In ana neman aure, shi ake turawa ya shinshino halin gidan. Matarsa Sugran, wadda nake kira Masi, wato inna, ita ke yi wa amare kitso ta raka su ɗakin miji. Ba gidan da ba sa shiga, har ƙuryar ɗaki. Kuma ba mai miƙa masa kuɗi a hannu, wannan sai baƙo irina. Wanzamin gida ɗan gida ne, in an yi girbin alkama kowane gida ya aika masa da rabonsa, shi ke nan.

Ga shi da surutu kamar rediyo. Zai yi maka hirar farashin taki, da ciwon gwiwarsa, da wani saurayi da ya suma ranar ɗaurin aurensa a garin da ba a faɗi sunansa ba. Amma in ka koma masauki ka tace duk abin da ya faɗa, ba za ka samu sirrin mutum ɗaya na Kot Dullan a ciki ba. Ya ce sau ɗaya tak mahaifinsa ya taɓa marinsa, ranar da ya dawo gida yana ba da labarin faɗan da ya ji a wani gida da suka je aski. Ya ce har yanzu in zai faɗi maganar wani sai ya ji kuncinsa na hagu ya yi zafi.

Amininsa shi ne Ilam Din, dattijon lungun masaƙa. Tare suka tashi. Kullum da la'asar sai ya zo da tukunyar tabarsa su zauna suna zuƙa suna zagin juna.

"Raja marar fada, yau kai nawa ka lalata?"

"Biyar, da naka shida in ka yarda ka cire rawanin. Mutane su ga abin da kake ɓoyewa, ko gashin rantsuwa babu."

"Askarka ce ta cinye shi, mugu."

"To saƙa wani mana, ba kai ne gwani ba?"

Abin da ya kawo ni garin musamman shi ne wani zaɓe da aka yi shekara biyu kafin zuwana. Kamar kullum, Caudari ya tara magidanta a zaurensa, an ci shinkafa, ya faɗi ɗan takararsa, an shafa fatiha. A wajenmu in an shafa fatiha magana ta ƙare. Sai ga shi da aka ƙirga akwatin Kot Dullan, ɗan takarar Caudari ya faɗi, abin da bai taɓa faruwa ba. Caudari ya yi ta zargin malaman zaɓe da wasu 'yan uwansa da suke rigimar gona. Ni kuwa na san akwai wani abu a ƙasa, amma duk inda na taɓa sai in ji bango.

Akwai wata dabara da muke koya wa ɗalibai, Allah Ya yafe mana. In mutum ya ƙi magana, kada ka tambaye shi. Faɗi abin da ka san ba gaskiya ba ne a gabansa, zuciya za ta ɗebe shi ya gyara maka. Wata Talata da hantsi, ba kowa a gindin cediyar sai mu biyu, kumfa a fuskata, na ce, "Raja, na gama bincikena. Jibi zan tafi."

"Madalla. Me ka gano?"

"Na gano talakan garin nan tumaki ne. Inda sandar Caudari ta nuna, nan suke bi. Balle masaƙa, su ko tari ba sa yi sai da izininsa."

Askar ta tsaya cak a wuyana. Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Takarduna."

"To takardunka sun yi ƙarya. Kai ma ka yi ƙarya, Dakta Sahab, ka yi haƙuri."

Ya waiwaya hagu da dama, ya sunkuyo kamar yana gyara mini gefen kunne, ya zayyane mini komai. Lungun masaƙa gida goma sha huɗu ne, kuma shekara da shekaru kwatar garin tana malala cikin gidajensu duk damina, har amai da gudawa ya ɗauke musu yara biyu. Kowane zaɓe Caudari ya yi alkawari, kowane zaɓe ya manta. Sai ɗaya ɗan takarar ya aiko a ɓoye cewa in suka ba shi ƙuri'a zai gina kwatar da siminti. Ilam Din ya yanke shawara a yi. Amma masaƙa ba su isa su yi taro ba, mutum uku suka tsaya a lungu labari ya kai zaure. Mutum ɗaya ne a garin yake shiga kowane gida ba a tambaye shi me ya kawo shi ba. Niyamat ya kai wa maza saƙo tare da gayyatar wani biki, Sugran ta kai wa mata a bakin tanderu. Suka je zaure, suka ci shinkafar Caudari, suka shafa fatiha, ranar zaɓe suka dangwala wa wancan. Bayan wata shida aka gina kwata.

Ya ce, "Tumaki ne suka yi wannan?" Idonsa har ƙyalli yake yi don alfahari da mutanensa.

Ni kuwa ba tausayin yaran da suka mutu ne ya kama ni ba, in faɗi gaskiya. Littafina nake gani. Na ce, "Raja, zan iya rubuta wannan?"

"Da wane yare?"

"Turanci. Malamai ne za su karanta a ƙasashen waje."

"Ba sunan kowa?"

"Ba sunan kowa. Na rantse."

Shekara shida na yi ina rubutun, kuma na bi duk ƙa'idar da aka koya mana. Kot Dullan na mayar da shi Nurpur. Caudari na ba shi wani suna. Masaƙa na mayar da su magina tukwane, gida goma sha huɗu suka zama ashirin. Wanzami na ce "wani mai shiga gidaje" ne. Kwatar ce kawai na bari yadda take, don ita ce ƙashin bayan hujjata, cewa talaka ba bawa ba ne, mai lissafi ne, yana rusunawa a zaure ya yi abin da ya ga dama a rumfar zaɓe. Wannan shi ne babi na huɗu, kuma duk wanda ya karanta kafin a buga sai ya ce babin nan zai yi tashe.

Ana saura wata biyu a kai littafin maɗaba'a na je wani taron malaman fanninmu. Wata matashiyar malama ta tashi ta wanke mu tas. Ta ce mu manya mun gina sunayenmu a kan bayan direbobi da tafintoci da tsofaffin ƙauye, mun kwashe iliminsu mun zama farfesoshi, su kuwa ko sunansu babu a takarda, sai dai a ce "wani mazaunin yankin". Ta ce wannan sata ce. Gaskiya ta faɗa, har gobe ina cewa gaskiya ta faɗa. Ni na fi kowa tafi a ɗakin. Na fito ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga aikin hajji, na ce wallahi ba za a haɗa ni da ɓarayin ilimi ba, sai duniya ta san Raja Niyamat.

Ƙa'ida ta ce sai an nemi yardar mutum kafin a sa sunansa. Na kira shi a waya.

"Raja, littafin nan ya kammala. Ina so in sa sunanka a shafin godiya."

"Sunana? A littafi?" Na ji yana kiran matarsa. "Sugran! Zo ki ji, mijinki zai shiga littafin Turawa!" Ya dawo yana dariya. "Sa mana, Dakta Sahab. Ban da katin zaɓe ba takardar da ta taɓa ɗaukar sunana. Ka rubuta shi da kyau, kada ka yi masa irin askin Lahore."

Na ajiye waya na rubuta a fayil cewa ya amince da bakinsa, ranar kaza, ƙarfe kaza. Ban karanta masa abin da zan rubuta ba. Ban tuna masa hirar ranar Talatar nan ba, wadda ta shekara shida da wucewa. Shi a tunaninsa godiyar aski da shayi ce. Na san haka a lokacin, kada wani ya ce ban sani ba. Murnarsa ce ta yi mini daɗi, ban so in ɓata ta da dogon bayani. Ga abin da na buga, in an mayar da shi daga Turanci: "Godiya ta musamman ga Raja Niyamat Ali, wanzamin Kot Dullan, wanda ya koya mini abin da jami'a ba ta koya mini ba. Babi na huɗu nasa ne, ni alƙalami kawai na riƙe."

Dubi wannan wauta don Allah. Shafi ɗari uku na yi ina ɓoye gari da mutanensa, sannan a shafin farko na rubuta sunan garin da na wanda ya ba ni labari, har da lambar babi don kada mai nema ya sha wahala. Na ce a raina wa zai karanta littafin Turanci mai tsada a Kot Dullan? Na manta masu gona suna da 'ya'ya a jami'a, alhali ni nake koyar da su.

Mahnur, 'yar ƙanen Caudari, tana karatun siyasa a wata jami'ar, aka sa musu littafin a darasi. Yarinyar ba ta da laifin komai. Ta buɗe ta ga sunan wanzamin da ya girka shinkafar sunanta, murna ta kama ta, ta ɗauki hoton shafin ta aika wa danginsu a waya, ta ce ga Rajanmu a littafin da ake koya mana. Mahaifinta lauya ne. Ya karɓi littafin ya buɗe babi na huɗu. Gidan maginin tukwane ɗaya ne tak a Kot Dullan, lungun da aka gina wa kwata bayan zaɓe kuwa ɗaya ne, yaro ma ya san na su wane ne.

Abin da ya biyo baya Masi Sugran ce ta ba ni labarinsa daga baya. Ranar Juma'a da safe Niyamat ya je yi wa Caudari aski kamar yadda ya saba shekara arba'in. Ya tarar da zaure cike da mutane. Ya shafa kumfa, ya ɗora aska, sai lauyan ya buɗe littafi ya fara karantawa yana fassarawa da harshen Punjabi, layi layi, tun daga godiyar har ƙarshen babin. Niyamat bai tsaya ba, ya gama tsaf ya shafa alam. Caudari ya dubi madubi ya ce, "Hannunka na nan yadda yake, Raja." Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro takardar kuɗi ta rufi hamsin, ya kamo tafin hannun Niyamat ya ɗora masa.

Ya ce, "Ban san nawa ake biya a birni ba. Wannan ya isa?"

Ba zagi, ba duka. Amma duk wanda ke zauren ya gane an yanke shi daga gidan, ya zama baƙo mai aski don kuɗi. Da Caudari ya yi haka, sauran masu gona suka bi.

Washegari aka aika lungun masaƙa cewa daga yau kada wanda ya sake yankar ciyawa a gefen gonakin Caudari. Saƙa ta daɗe da mutuwa tun da masaƙu na inji suka cika birni, abin da ya riƙe lungun shi ne kowane gida yana da ɓaunar gida ɗaya ta tatsa, ita ce nonon yara, ita ce kuɗin cefane. Ba su da gona ko taku ɗaya. Kafin wata biyu yawancinsu sun kai dabbobin kasuwa. Su ma ba su zagi Niyamat ba. Sun daina zama a kujerarsa ne kawai, mata suka daina yi wa Sugran magana a bakin tanderu, Ilam Din bai sake kawo tukunyar tabarsa gindin cediya ba.

Ni a lokacin ina ta yawon ƙasashe ina gabatar da babi na huɗu, ana tafa mini. Har lambar yabo aka ba ni. Sau biyu na kira Niyamat wayarsa a kashe, na ce ko caji ne. Na sha jinin jikina, amma ban so in sani ba. Sai da aka yi wata goma sannan na ɗauki kwafi ɗaya na nufi Kot Dullan, wai zan kai masa tsaraba.

Ba kujera a gindin cediya, ba madubi. Na wuce gidansa na yi sallama. Masi Sugran tana tsakar gida tana murza ƙullun gurasa. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"A'a! Marubuci ne da kansa? Shigo mana, Dakta Sahab, shigo ka ga babi na biyar."

"Masi, me ya faru?"

"Me ya faru? Kai ne ba ka san me ya faru ba? Ni ko alif ban sani ba, amma yau na haddace babi na huɗu, yara ma a lungu suna bina da shi. Ka ci gurasata wata bakwai. Da guba na sa maka a ciki da ka ce me?"

Ta ba ni labarin duka a tsaye, ba ta ce in zauna ba, ni ma ban nemi wurin zama ba. Littafin yana hannuna cikin takardar kyauta mai ƙyalli, na rasa inda zan sa shi. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage. Ta ce Niyamat yana tashar mota ta garin da ke kan babban titi, can yake kai kujerarsa a bayan keke kullum da safe.

Na same shi jingine da bangon wani mai faci, hayaƙin motoci na dukansa. Ya rame, lallen gemun ya koɗe bai sake sawa ba. Da ya gan ni ya miƙe, ya karkaɗe kujera da tawul, ya ce, "Zauna, Dakta Sahab." Na fara ba shi haƙuri, ya ce in ɗaga haɓa. Ya yi mini aski daga farko har ƙarshe. Da ya gama na ce, "Yaya Ilam Din?"

"Ya rasu kafin azumi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Kwana uku da binne shi na ji, a bakin wani kwandasta. Daga birni suka ɗauko mai girkin zaman makoki." Ya goge askar a tawul. "An ce shinkafar ta kama."

Na ce ya taho Lahore shi da Masi, in buɗe masa shago mai fanka da madubi har uku. Ya yi wani ɗan murmushi. Ya ce, "In yi wa wa aski a Lahore? Uban wa na sani a can?" Na ce zan sa a cire sunansa a bugu na biyu. Ya ce in ga dama, amma wanda ya kamata ya karanta ai ya riga ya karanta.

Can ya ce, "Abu ɗaya nake so. Caudari ban damu da shi ba, ya riƙe alkamarsa. Lungun masaƙa nake ji. Sun ɗauka sayar da su na yi, wai ka biya ni. Ka je da bakinka ka gaya wa Barkat, ɗan Ilam Din, yadda aka yi, cewa kare su nake yi, ban san za a buga ba. Kai mai ilimi ne, za su saurare ka. Bayan girbin alkama za a aurar da ƙanwarsa, ni na kai labarin haihuwarta gari bakwai. Su bar ni in girka shinkafar bikin. Ba na son komai, in girka kawai."

Na koma Kot Dullan a ranar. Kwatar na nan da simintinta, tsaf, ruwa na wucewa. A ƙofar gidaje kuwa turaku ne ba dabbobi. Barkat ya fito, magidanci ne mai kamar shekara talatin da biyar, jikinsa duk jar ƙurar wurin gasa bulo inda ya koma aiki. Na yi masa ta'aziyya, na kwashe komai na faɗa masa, har dabarar da na yi da maganar tumaki. Ban rage wa kaina laifi ko ɗaya ba. Ya bari na gama.

Ya ce, "Ya gaya maka ko bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini, amma ni na ja shi da..."

"Ka zo gidan nan da takardarka. Babana ya ba ka nono, kun yi hira har azahar. Ya gaya maka?"

"A'a."

"Gida goma sha huɗu, maza da mata, har da tsofaffin da suka fara ruɗewa, shekara da shekaru ba wanda ya buɗe baki. Kai baƙo ne, Dakta Sahab, sana'arka ke nan, ka kwashi maganar mutane ka kai kasuwa. Ba mu da faɗa da kai. Shi kuwa namu ne, mun bar shi ya shiga har ɗakin iyayenmu mata." Ya kama ƙyaure. "Tunda kai ne ɗan aikensa yau, kai masa wannan. Kada ya zo bikin. In ya zo mahaifiyata za ta bar wurin a gaban baƙi, ta riga ta rantse."

Ya rufe ƙofa a hankali, ko bugawa bai yi ba.

Da la'asar na isa tasha. Niyamat ya riga ya ɗaure kujera a bayan keke, yana tsaye a bakin titi yana leƙen kowace mota. Tun kafin direbana ya gama tsayawa ya kama murfin taga da hannu biyu.

"Ka gan shi? Me ya ce?"

Na dubi fuskar tsohon nan. Duk tsawon hanya ina shirya yadda zan faɗa masa, kalma bayan kalma. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ya saurare ni da kyau, Raja. Ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa."

"Alhamdulillahi! Ai na sani. Barkat yaron kirki ne, halin ubansa gare shi, zafi a baki sanyi a ciki." Ya saki tagar yana murza hannu. "To bari in fara neman itace tun yanzu, busasshe, na bana duk ɗanye ne. Kuma sai na sa an yi wa babbar tukunyar nan kwalliyar dalma, ta kwana biyu a ajiye. Allah Ya saka maka da alheri, Dakta Sahab. Ka ga amfanin ilimi ke nan."

Ya hau kekensa ya kama hanyar Kot Dullan yana taka feda da ƙarfi. Na ce wa direba mu tafi.

Sati biyar bayan nan aka yi girbin alkama. Shekara huɗu ke nan yanzu. Ban san ko ya je bikin ba. Lambarsa tana cikin wayata, ban kira ba.